Wari a Motar Asibiti

Ƙarfe tara na safe Majo Balkisa, shugabar ma'aikatan motar asibiti mai zagaya ƙauyukan Kurfai, ta shigo komisariya, ofishin 'yan sandan Filinge. Kwalabe shida na allurar saran maciji sun ɓace daga akwatin cikin motar, ga shi damina ta kankama, manoma duk suna gona.

Insifekta Abdulrazak ya bi ta zuwa farfajiyar da ake ajiye motar. Doguwa ce fara, da gadon duba marasa lafiya da kwamin wanke hannu a ciki.

"Su wa ke shiga nan?"

"Ni, da Nafi'u direba, da Baba Magagi mai shara. Kuma kowa za shi fita, sai mai gadi ya duba jikkarshi."

Insifekta ya sunkuya kan kwamin, ya yi saurin ɗago kai. Wani wari ne ke tasowa kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Aka kira Baba Magagi. Tsohon bai damu da zancen sata ba kamar yadda warin ya dame shi.

"Ranka shi daɗe, shekara huɗu kwamin ga bai taɓa wari ba. Jiya da la'asar nib bi shi da ruwan zahi da kanwa da lemun tsami." Ya nuna wani lanƙwasasshen bututu a ƙarƙashin kwamin. "Wagga gwiwa kullum da ruwa kwance cikinta, su ka tare warin tankin ruwan datti. In ka ji wari, to ta bushe."

Insifekta ya taɓa gwiwar, ta yi lakwaf. Ya kwance ta. Ba ɗigon ruwa a ciki, kuma bakin robar duk shatin haƙoran filaya ne.

"Da mi kake ɗaure ta, Baba?"

"Da hannu. Roba ce, ƙarhe hwasa ta shikai."

Nafi'u na jingine da ƙofar gaba yana kaɗa makulli.

"Ka shiga baya jiya?"

"Ni aikina tuƙi. Ban ma san inda kwamin yake kwancewa ba." Ya duba agogo. "Ranka shi daɗe, ana jiranmu Bonkuku. Ga ruwan datti zan tsaya in zubar a hanya."

"Kai ke zubarwa?"

"Kullum. Bayan gari, ni kaɗai, don kar warin shi dami Majo."

"To yau mu zubar nan."

Nafi'u ya daina kaɗa makullin.

Suka zagaya ƙarƙashin motar. Baba Magagi na ganin tiyon fitar da ruwan datti ya riƙe baki. Shi a rataye yake barin sa, baki biyu a buɗe, don ya tsane ya sha iska. Yanzu kuwa an zare bututun kwami daga tanki an cusa shi cikin tiyon, an toshe ɗaya bakin da tsumma.

Insifekta ya zare tsumman ya girgiza. Ƙullin leda shida suka gangaro kan yashi, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kwalbar allura a ciki. Tsumman baƙi ƙirin ne da man inji.

Ya dubi Nafi'u. "Buɗe min akwatin kayan aikinka."

Filayar na sama-sama, da ɓurɓushin farar roba a haƙoranta.

Nafi'u ya zauna a ƙasa. "Ta ƙohwa ba su hita, shi yas sa nik kwance gwiwar niz zura su ta bututu. Wani mai magani a kasuwar Baleyara yac ce in kawo mishi. Ban san ruwan ciki na da wani aiki ba."

Majo Balkisa ta tsince kwalaben tana goge su da gefen rigarta. Babu wadda ta fashe.

"Nafi'u," ta ce a hankali, "bara kai kat tuƙa mu da gudu lokacin da macijiya gajera tas sari wata mata a gonar hatsi. Ka ga yadda ƙafarta tak koma."

Bai ɗago kai ba. Ya miƙa mata makullin motar.

Insifekta ya umarci direban komisariya ya kai su Majo Balkisa Bonkuku kafin azahar. Sannan ya yi wa wani kurtun ɗan sanda alama, aka tashi Nafi'u, aka fita da shi ta gaban mai gadi.