Rediyon Baba da Ba Ya Magana

Kofin shayin da Baba ya wurgo a kafaɗa ya same ta, ya faɗi ya tarwatse a kan siminti. Matar Yaya ta durƙusa tana tsince fasassun tangaran, ruwan zafi na bin hannun rigarta, hawaye na bin kumatunta, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ki ba ni abina!" Baba ya daka mata tsawa, tari ya sarƙe shi har jijiyoyin wuyansa suka tashi. "Karan sigari ɗaya tal za ki hana ni, a gidan da na gina da hannuna?"

"Ka yi haƙuri Baba... likita ya ce huhunka ba zai ƙara ɗauka ba."

"Likitan ne ya haife ni? Fita ki ba ni wuri, azzaluma!"

Azzaluma! Kai jama'a, wannan baiwar Allah da ke wanke masa kaya, ta dafa masa, ta ɗebe masa kwanon kaki da hannunta ba ta yamutsa fuska ba, ita ce yau azzaluma. Marainiya ce, ba uwa ba uba, tun da aka kawo ta gidan ta riƙe surukinta tamkar mahaifi. Mijinta, wanda duk gidan ke kira Yaya, direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida. Ita kuma ɗinki take yi a ɗan shagon ƙofar gida, inda Baba ya yi aikin kafinta har ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ya fi ba ni haushi, Baban ne da kansa ya ɗora mata wannan aiki. Ranar da aka dawo da shi daga asibiti, bayan likita ya nuna masa hoton ƙirjinsa, ya kira ta yana hawaye ya ce, "Ɗiyata, tun ina saurayi nake sha, ni kaɗai ba zan iya ba. Ko na zage ki, ko na yi miki kuka, kada ki ba ni. Amana na ba ki." Ta ce ta karɓa. Ina ma ta san abin da ta karɓa!

Tsoho fa in ya so ɓoye abu, yaro ma sai ya zo ya koyi darasi. Ta ciro sigari a cikin naɗin hularsa. Ta ciro a cikin matashin kai, ta ciro a bayan tankin ban-ɗaki, ta ciro a cikin takalmin da ya daina sawa. Duk wanda ta kama sai ta jefa a aljihun keken ɗinkinta, da niyyar in Yaya ya dawo ta nuna masa ya yi wa mahaifinsa magana. Ta sayo masa kanumfari ya riƙa taunawa in abin ya motsa. Ta hana yaran unguwa karɓar aikensa, ta je har wurin mai tireda ta roƙe shi da girman Allah. A hankali tarin ya fara sauƙi, Baba ya fara cin abinci, har ya kan fito ya zauna a bakin shago yana gyara mata zaman teburi. Sai kuma kwatsam warin ya dawo... Ta shiga ɗakinsa da safe ta ji shi a labule, ta ji shi a bargo, ta birkice ɗakin kaf ba ta ga komai ba. Baba na kwance rungume da tsohon rediyonsa yana kallon rufi, kamar ba shi ba.

To, akwai Gimbiya, autar Baba, wadda ke aure a can wata unguwa. Sunan ya bi ta, don ko tsinke ba ta taɓa ɗagawa a gidan ba. Takan zo duk mako da ƙamshin turare da dogon mayafi, ta zauna a gefen gado tana "Wayyo Babana, dubi yadda aka mayar da kai fursuna!" Ta bi dangi gida-gida tana cewa matar yayanta ta hana tsoho sakat, tana laluben aljihunsa kamar ɓarawo. Kowa ya san abin da ke ranta, shagon ƙofar gida take so ta zuba kayan kwalliya, ta sha faɗa a gaban mutane cewa bare ba zai ci gadon ubanta tana raye ba. Hidima ɗaya ce take yi wa Baba, ita ce kai rediyonsa wurin mai gyara. Duk zuwa sai ta tafi da shi ta dawo da shi, kuma wallahi ba wanda ya taɓa jin rediyon nan ya ce uffan. Matar Yaya ta taɓa cewa, "Ko a saya wa Baba sabo ne?" Gimbiya ta watsa mata harara. "Na mahaifiyarmu ne. Ke da ba ki san zafin uwa ba, ina za ki gane?" Matar Yaya ta koma kan kekenta tana share ido da bakin zani.

Ranar da Baba ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, Yaya na gari. Aka yayyafa masa ruwa, aka kai shi kan gadonsa, ya farfaɗo yana numfashi da ƙyar, yatsunsa na warin hayaƙi. Yaya ya juyo a fusace. "Wa ke ba shi? Ba ke na bar wa shi ba?" Kafin ta buɗe baki Gimbiya, da ta zo gidan a ranar, ta faɗa shago, ta fizgo aljihun keken ɗinki, ta zazzage shi a gaban Gwaggo, ƙanwar Baba, da maƙwabtan da suka taru. Karare suka watsu a ƙasa.

"Ga shi nan! A fili tana hana shi don a ce ta gari ce, a ɓoye tana ɗura masa don ya mutu ta mallake shago!"

"Innalillahi... Wallahi waɗanda na ƙwace ne! Na ajiye ne in nuna maka!" Ta rarrafa gaban surukinta. "Baba, ka faɗa musu. Don girman Allah ka faɗa musu, na taɓa ba ka ko ɗaya?"

Haba! Kalma ɗaya fa ake nema a bakin dattijon nan, ita kaɗai za ta wanke yarinyar. Ya dube ta, ya dubi Gimbiya, ya dubi rediyon da ke gefensa, sai ya juya fuskarsa bango ya yi shiru. Ya san in ya yi magana hanyar sigarinsa ta toshe, sai ya zaɓi sigarin. Wannan shirun ya fi mata kofin shayi zafi nesa ba kusa ba.

Gwaggo ta tafa hannu tana salati. Yaya, wanda ko tambaya ta biyu bai tsaya yi ba, ya ce ta tattara kayanta ta bar gidan sai ya neme ta. "Ina zan je? Ka san ba ni da kowa..." Bai ko waiwayo ba. Kafin la'asar an fito da kekenta an dire a bakin titi, zare da ƙyallaye na yawo cikin kwata, Gimbiya na tsaye a ƙofar shago tana kaɗa makulli. Duk da haka sai da Matar Yaya ta koma ciki, ta ajiye ƙullin kanumfari a gefen gadon Baba, ta ce, "In ya motsa ka tauna wannan. Allah ya ba ka lafiya." Wata abokiyar sana'arta ce ta ji tausayinta ta ba ta gefen ɗaki. Can take ɗinki tana kuka, ta ɗaga hannu ta ce, "Ya Allah, kai ka san abin da na yi da wanda ban yi ba. Ka bayyana gaskiya tun Baba yana da rai, kada ya tafi da hakkina a wuyansa."

An kori mai laifi, ai sai tsoho ya warke ko? Ina! Wata bai cika ba aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti, aka sa masa robar iska a hanci, da doguwar tukunyar iska a gefen gado. Matar Yaya ta ji labari ta zo da gudu, Gimbiya ta tare ƙofa ta ce ba za ta shiga ta ƙarasa shi ba. Sai ta samu benci a baranda ta zauna. Kullum nan take wuni, tana jin tarinsa ta bango, duk tari ɗaya sai ta dafe ƙirji.

Wata rana da hantsi Gimbiya ta iso da rediyo a jaka, ta ce ta karɓo daga wurin gyara don ya ɗebe wa Baba kewa. Baba ya miƙa hannu ya karɓe, ya tura shi ƙarƙashin bargo. Yaya, da ya gaji da zaman jugum, ya ce, "Kawo in kamo maka labarai, Baba."

"Bar shi... bar shi kawai."

"Ba yanzu aka gyaro shi ba?" Ya jawo shi ya murɗa, shiru. Ya bubbuga, shiru. Ya ji shi sakayau a hannu. "Wannan wane irin mai gyara ne? Ko batir bai sa ba?"

"Yaya kada ka buɗe, za ka lalata!" Gimbiya ta yi wuf za ta karɓe, amma ya riga ya zare murfin baya. Babu batir, babu ma kayan ciki, an ƙwaƙule su tas. Karan sigari ne jere reras, suka zubo a kan farin zanin gado, kwalin ashana ya biyo bayansu ya faɗo ƙasa.

Nas ɗin da ke duba majinyacin gefe ta saki ihu. "Ashana? Kusa da tukunyar iska? So kuke ku ƙone mana ɗaki da mutane a ciki? Wa ya shigo da wannan?"

"Ma... matarsa ce," Gimbiya ta ce.

Yaya ya miƙe a hankali. "Matata da na kora? Wadda kika hana ta taka ƙofar nan? Daga jakarki rediyon nan ya fito, ina kallo!"

Sai Baba ya fashe da kuka, irin kukan da ba a son gani a fuskar dattijo. Ya ce duk mako haka take cika masa shi, shi kuma ya yi mata alkawarin shago. Ya ce yarinyar nan ba ta taɓa ba shi ko guntu ba, shi ne ya ba ta amana, ta riƙe, ya saka mata da zagi da shiru. "Na sayar da ɗiyar kirki a kan hayaƙi... Ku kira min ita, kada in mutu ban nemi gafararta ba!"

Ba ta yi nisa ba ai, tana kan bencinta. Ta shigo ta durƙusa a gaban gado, Baba ya kama hannunta yana kuka yana neman gafara. "Na yafe, Baba, wallahi tun ranar na yafe. Ka daina kuka, numfashinka zai sarƙe." Yaya ya tsaya kansa a ƙasa, da ƙyar ya iya cewa, "Na zalunce ki." Ta dube shi da jajayen idanu ta ce, "Tambaya ɗaya ce ka kasa yi min." Gwaggo kuwa, da ta zo dubiya, sai jan mayafi take tana rufe fuska. Masu gadi suka fitar da Gimbiya a gaban majinyata da 'yan dubiya, kowa na nuna ta da baki. Kafin yamma Yaya ya karɓe makullin shago, aka fito da kwalayen kayan kwalliyarta aka jera a daidai inda aka taɓa dire keken ɗinki. Baba ya ce kada ta sake taka masa gida sai ranar da matar yayanta ta ce ta zo. Labari ya riga ta isa gidan mijinta, har yau dangin mijin ba sa barin ta ita kaɗai da mara lafiya.

Kada ku ɗauka daga nan komai ya zama daɗi. Huhun da ya lalace bai dawo sabo ba, kuma sha'awar ba ta tafi don an yi kuka ba. Akwai ranakun da Baba ke zufa yana masifa, ya ce shayi ya yi sanyi, ya ce kanumfari ya ishe shi. Matar Yaya, da ta dawo gida da kekenta, ta gane hannunsa ne ba ya son zama haka nan, sai ta tono masa tsofaffin kayan aikinsa, ta ce teburin kekenta na girgiɗi. Ya zauna a bakin shago yana fiƙe katako yana goga, yana mita, sabon rediyon da Yaya ya sayo na ta surutu a gefensa. Da abin ya motsa sai ya ƙara ƙarfin guga. Watanni suka shuɗe ba a ji warin hayaƙi a gidan ba.

Ranar da ya gama teburin, ya sa aka ɗora keken a kai, ya girgiza shi da hannu, ko motsi. Sannan ya ce, "Ɗiyata, miƙo min sandata." Ya murɗe kan sandar, sai ga rami da ya fafe da kansa tun tuni, ya zaro karan sigari guda, ya bushe har ya yi rawaya.

"Haba Baba! Har a sanda?"

"Wannan kaɗai ne ba ki taɓa kamawa ba. Kullum yana hannuna, kullum ina cewa gobe zan sha." Ya ɗora mata shi a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai. "Karɓi. Yau ba ƙwata kika yi ba, ni na ba ki."

Ta karya shi gida biyu ta jefa a kwandon ƙyallaye, tana dariya hawaye na zuba. Baba ya jefa kanumfari a baki, ya yamutsa fuska, ya ce wallahi har gobe abin nan ba daɗi.