Mai Miƙa Masa Tawul

Jini ne ya fara haɗa su. Ranar da aka buɗe gasar ƙwallon kwando ta yankin, ɗakin wasan garin Santa Rufina ya cika har bakin tagogi, ganguna na tashi, hayaƙin masu gasa kaji na kutsowa ta ƙofa. Glaiza na zaune a gefen fili da jakar magunguna a cinya, don asibitin gari ne ya turo ta a matsayin nas. Wasan bai dame ta ba. A gidansu ko a talabijin ba a kunna shi.

Sai ga wani dogon saurayi ya yi tsalle, gwiwar hannun abokin karawarsa ta same shi a gira, ya zo ya zube kusan a ƙafafunta. Ta danna auduga a wurin. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ta.

"Ta shiga?"

"Me ya shiga?"

"Ƙwallon mana, Inday," ya ce, yadda ake kiran budurwa a yankin.

"Toto," ta mayar masa da kiran da ake yi wa saurayi, "fuskarka a tsage take, kai ta ƙwallo kake yi? Tsaya cak."

"To ki ce ta shiga, ko zafin zai ragu."

"Ba ta shiga ba."

Ya kwashe da dariya har audugar ta zame. Ita ma ta kasa riƙe tata.

Sunansa Renante, amma kowa Nante yake ce masa. Ɗan tsibirin Guimaras ne, sabon ɗauka a ƙungiyar garin. Ranar Litinin ya zo asibiti wankin ciwo da ledar mangwaron garinsu. Ciwo ya warke, zuwa bai tsaya ba. Yau ya ce yatsansa ya gurɗe, gobe ya ce kansa ke sarawa, har sauran nas-nas suka fara tsokanarta. "Glaiza, fito, ga maras lafiyarki ya zo, yau kuma ko kunne ne?"

Kafin damina ta tsaya, ya daina ce mata Inday, ya koma Pangga, sunan da ba a kiran kowa da shi sai wanda zuciya ta zaɓa. Duk garin da motar ƙungiya ta kai su, saƙonsa ne ke fara isowa.

"Pangga, mun sauka lafiya. Mota ta mace a tsakiyar gonar rake, koci ya sa mu turi. Ina turawa ina tunanin murmushinki, shi ya sa na fi kowa ƙarfi."

Takan karanta, ta rungume wayar, ta sake karantawa.

Tatay Doming, mahaifinta, shi ne ya fara zuba wa abin ruwan sanyi. A ƙuruciyarsa shi ma ɗan wasa ne da ake rera sunansa, har ranar da gwiwarsa ta tashi aiki, masu tafi suka watse, ya koma tuƙa adaidaita yana ɗingishi. Da ya ji labarin, sai ya ajiye cokali a kan shinkafarsa.

"Ɗan ƙwallo? A gidan nan?"

"Tatay, ba ka ma gan shi ba."

"Na gan shi tun kafin a haife shi. Ni ne shi. Yau ana ɗaga shi sama, gobe ba mai amsa gaisuwarsa. Kuma bari in faɗa miki abin da ba za ki so ji ba, ɗan ƙwallo kowane gari da mai jiransa a bakin ƙofa."

"Doming, bar yarinya ta ci abinci," in ji Nanay Pacing, mahaifiyarta.

Maganar gwiwa ba ta kama Glaiza ba. Ta ƙarshen ce ta shige ta ta zauna.

Kuma sai ga Trixie. 'Yar Don Anselmo ce, mai gonakin rake, wanda ya mallaki ƙungiyar. Ta dawo daga karatu a Manila aka naɗa ta sarauniyar ƙungiya, ita ke gaba da furanni duk lokacin da 'yan wasa za su shigo fili. Fara ce, doguwa, gashinta har gadon baya. Sauran sarauniyoyi sukan zauna a kujerun manya. Ita kuwa bayan bencin 'yan wasa ta zaɓa.

Ranar da suka je wasa wani gari, Glaiza na kallo kai tsaye a Facebook lokacin hutun rana. Aka busa hutu, Nante ya fito gumi na zuba. Sai wani hannu mai jan farce ya miƙo masa tawul. Ya karɓa. Har da murmushi.

Glaiza ta matso da wayar kusa da fuskarta. Ta gangara wurin sharhin masu kallo, ta kuwa gano wa kanta.

"Kai, waɗannan biyun sun dace!"

"Don Anselmo ya samu suruki."

Ta ture kwanon abincinta. Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Pangga, mun ci! Kin ga wadda na jefa daga nesa? Taki ce."

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa.

"Na gani. Na kuma ga tawul. Da fatan ya goge gumin sosai."

"Wane tawul kuma?"

"Tambayi mai jan farce."

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Washegari ya same ta a ƙofar asibiti tana kumbure-kumbure.

"Haba Pangga. 'Yar maigidana ce. In ta miƙo min abu a gaban jama'a, jefar da shi zan yi?"

"'Yan wasa nawa ne a bencin nan? Kai kaɗai ke gumi?"

Ya so ya yi dariya, ya ga idonta, ya haɗiye.

"Na rantse miki babu komai."

"Murmushin fa?"

"Haka fuskata take."

"To ka canja ta."

Sun shirya a ranar, har ya kai ta shan miyar taliya a kasuwa. Amma kishi ya riga ya samu wurin kwana. Glaiza da ba ta san dokar wasan ba ta koma ba ta rasa ko ɗaya, sai dai ba ƙwallo take kallo ba, bayan benci take kallo. Ta san ranar da Trixie ta canja kitso. Ta san ranar da ta sa riga mai lambar Nante. Ta buɗe shafinta ta bi hotuna har na shekarun baya, tana ƙara musu girma da yatsu, tana neman aibi ko ɗaya. Da ba ta samu ba, sai ta tsaya gaban madubi ta dubi gajartarta da hannayenta da sabulun asibiti ya busar, ta ja tsaki.

Ana haka, wata Lahadi bayan an taso daga coci, ta hango shi da idonta yana shiga farar motar Trixie, motar ta ɗauki hanyar gidan gonar Don Anselmo. Ya sa rigar da Glaiza da kanta ta saya masa.

Ba ta san yadda ta kai gida ba. Tatay Doming na gyaran taya a ƙofa, ya dubi fuskarta, ya ci gaba da aikinsa. Kallon nasa ya fi zagi ciwo.

Ta shige ɗaki ta rubuta:

"Renante, na gan ka. Ka ci abincin manya lafiya. Kar ka ƙara kira na, kar ka ƙara zuwa asibiti, ko da kanka ne ya rabe biyu."

Amsa ta zo nan take.

"Pangga, Don Anselmo ne ya aiko a ɗauke ni. Ki bari in zo in faɗa miki abin da ya faru."

Ta toshe lambarsa.

Makonnin da suka biyo baya ta rame. Ta yi alkawarin daina kallon wasa, amma kullum sai ta leƙa. Abin da ta gani ya ƙara hura mata wuta: an daina sa Nante a fili. Daga farkon wasa har ƙarshe yana benci, Trixie na bayansa. Sai zuciyarta ta raya mata cewa ai shi ya nemi hakan, don ya fi jin daɗin zama kusa da ita. Ko kaɗan ba ta lura cewa tawul ya daina zuwa ba.

Wata safiya tana auna jinin wata tsohuwa, sai ƙamshin turare ya cika ɗakin. Trixie ce tsaye, baƙin tabarau a fuska.

"Ke ce Glaiza?" Ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa. "Na zo ne in ga abin da aka ƙi ni dominsa. Ashe ma ba wani abu ba ne."

"Ban gane ba."

"Kar ki raina min hankali. Daddy ya zaunar da shi a teburinmu, ya yi masa tayin gida da kujerar kyaftin, ya ce mu fara fita tare. A gabana ya buɗe baki ya ce yana da wadda zai aura, wai wata nas. Aka ajiye shi a benci ko zai dawo hayyacinsa, ya ƙi. To jiya an sallame shi. Ki je ki ɗauka, na bar miki, sai ki riƙa ciyar da shi."

Ta juya, takalminta na ƙwas-ƙwas. Tsohuwar da ke zaune ta zare hannunta daga abin awo.

"Inday, me kike jira? Jinina ba inda zai je. Ruga!"

A masaukin 'yan wasa aka ce ya kama hanyar bakin ruwa, zai hau kwalekwalen Guimaras. Ta fito tana haki, sai ga adaidaitar Tatay Doming a layi. Ba ta da zaɓi, ta faɗa ciki, ta zayyane masa komai cikin kuka. Ya waiwayo ya dube ta.

"Don Anselmo ya yi wa haka? A teburinsa?"

"E, Tatay."

Ya murza wuta. Rabon da a ga Tatay Doming yana gudu da adaidaita irin na ranar, an daɗe.

Nante na zaune a kan jakarsa a bakin ruwa. Da ya gan ta bai tashi ba.

"Nante..."

"Yau kuma ba Renante ba ne?"

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Ta ina? Waya a toshe, asibiti an hana ni." Ya sunkuyar da kai. "Korar ba ta yi min ciwo kamar yadda kika yanke min hukunci ba ki saurare ni ba. Kullum ina bencin nan ana min dariya, ina cewa da ma Pangga ta san dalili."

Ta durƙusa gabansa, hawaye na zuba. "Ka yafe min. Wallahi in na ga wata ta matso kusa da kai, kaina ne ke daina aiki. Na dube ta, na dubi kaina, na ce ta yaya za ka zaɓe ni."

"Ai na zaɓa tun ranar da kika ƙi yi min ƙarya kan ƙwallo." Ya share mata fuska da tafin hannunsa. "Amma Pangga, aikina a gaban jama'a yake. Mata za su yi ihu, za su nemi hoto. Za ki iya?"

"Ba zan iya ba," ta ce tana jan hanci. "Amma zan riƙa tambayarka kafin in toshe ka."

Dariya ta ƙwace masa.

Sai suka ji gyaran murya. Tatay Doming ne ya ɗingiso. Nante ya miƙe da sauri, ya kama hannun dattijon ya kai goshinsa, gaisuwar girmamawa.

"Kai ne ka ce wa Don Anselmo a'a?"

"Ni ne, Tatay."

"Yanzu da me za ka riƙe min 'ya?"

"Ban sani ba tukuna. In babu ƙwallo, akwai gonar mangwaron babana. Ba zan bar ta da yunwa ba."

Tatay Doming ya daɗe yana kallonsa. "A zamanina ban ga wanda ya iya ajiye rigar wasa saboda mace ba. Ɗauki jakarka. Kocin ƙungiyar Punta Dalag tare muka buga, kuma yana neman mai jifa daga nesa. Ba su da kuɗi, ɗakin wasansu ma yoyo yake, amma ba mai sayar da kai." Ya juya. "Ku shigo mu tafi, Nanay ta dafa kifi."

Punta Dalag ba su ɗauki kofi a shekarar ba. Amma ranar da suka karɓi baƙuncin Santa Rufina, Nante ya yi ta zuba ƙwallo kamar mai huce haushi, kuma wanda ya fi kowa ihu a cikin 'yan kallo shi ne Tatay Doming.

Bayan girbin rake iyayen Nante suka tsallako ruwa da gasasshen alade da kwandunan 'ya'yan itace, suka nemi aure kamar yadda aka saba. Aka ɗaura a cocin Santa Rufina. Da suka fito, abokan wasansa suka jeru sahu biyu, dogaye kamar bishiyoyin kwakwa, suka ɗaga ƙwallaye sama amarya da ango suka ratsa ta ƙasa, ana watsa musu shinkafa.

A wurin liyafa wata gwaggon Nante, tsohuwa tukuf mai son kwalliya, ta janyo wuyansa ta manna masa sumba a kumatu, ta bar masa jan baki raɗau. Kafin ya ankara, amarya ta kai gefen mayafinta tana gogewa da ƙarfi.

"Pangga, gwaggona ce fa!"

"Na sani. Tsaya cak."

Wurin ya kaure da dariya. Nanay Pacing ta taso tana share ƙwalla, ta ɗora hannu ɗaya a kan 'yarta, ɗaya a kafaɗar surukinta, don kansa ya fi ƙarfin hannunta.

"Toto, ga ta nan, da kishinta da komai, haka muka ba ka. Allah ya sa albarka a gidanku, ya ba ku haƙuri da juna, ya cika muku ɗaki da 'ya'ya."

Jama'a suka amsa da amin. Nante ya sunkuyo ya raɗa wa amaryarsa wani abu a kunne, ta kai masa duka a ƙirji, sannan ta kwantar da kanta a wurin.