Lallen da Inna Ta Dasa

"Ajiye addar nan, Ya Ja'afar! Na ce ka ajiye!"

Ina! Kafin Adawiyya ta tsallake tarin ƙasar da ke gabanta, ya riga ya sauke sara. Rassan lallen suka zube a ƙafarsa.

Jiya da la'asar guguwa ta afka wa Unguwar Hajji da ruwa da ƙanƙara. Kwanon gidaje ya tashi, katangar bayan gidan Malam Liti, mahaifin Adawiyya da take kira Bappa, ta kife a kan ɗan lambun da marigayiya Inna Hannatu ta bari. Zogale ya karye, gwanda ta kwanta, rama da yakuwa ko alamarsu babu. Duk wannan bai ƙona ran Adawiyya kamar lallen nan ba. Innarta ce ta dasa shi shekarar da aka yaye ta, kuma har ta koma ga Allah tana faɗa mata, "Da ganyen nan za a yi miki ƙunshin aure, ko da raina ko babu."

Shi kuwa Ja'afar ɗan Goggo Sadiƙa ne, ƙanwar Bappanta, da shi aka sa mata ranar aure bayan kaka. Tun da sassafe ya hawo babur daga Zoza don a tayar da katangar da shi.

"Ƙanwata, tsaya ki duba. Saiwar ta tsinke..."

"Ba zan duba ba! Da tsumma zan ɗaure shi in tokare da sanda. Wa ya aike ka?"

"Wallahi ba zai tashi ba."

"Shi ne za ka ƙarasa shi? Don ba taka uwar ce ta dasa ba!"

Masu kwaɓa ƙasa suka dakata da aiki. Ja'afar ya ɗago ya dube ta, idonsa ya kaɗa.

"Adawiyya... ni kike gaya wa haka?"

"An gaya maka! Tunda babu lallen Inna babu ƙunshi, babu auren. Na fasa!"

Ya tattara rassan ya ɗaure a bayan babur, ya durƙusa ya yi wa Bappa sallama, ya tafi. Har da rassan fa! Ko ganye ɗaya bai bar mata ba.

Aka tayar da katanga. Adawiyya ta ɗaura ɗamara ta shiga lambun da fartanya, ta kwashe ɓaraguzai, ta ja sababbin kunyoyi, ta zuba takin shanu. Ta sake shuka rama da kuɓewa. Zogalen da ya karye ya yi toho, har wata 'yar gwanda ta fito da kanta a gindin tsohuwar. Komai ya dawo, ban da abu ɗaya.

Kullum da safe sai ta tsuguna gaban kututturen lallen, ta ba shi ruwa, ta kankare ɓawonsa da farce ko za ta ga kore. Busasshe ƙayau.

To, a ce haushi take ji mana. Tana ji! Amma wane irin haushi ne zai sa mutum ya saki fartanya duk sanda babur ya wuce ta bayan gida? Ranar Juma'a Ja'afar ya saba zuwa da mazarƙwaila a aljihu, ya tsaya a zaure yana tsokanarta, "Ina Sarkin Noma? A fito a karɓi gaisuwa!" Yanzu Juma'a sai ta zo ta wuce shiru. Ta ɗauki waya ta zuba wa sunansa ido, ta ajiye. Kewarsa take, kewa mai ciwo, ga kunyar abin da bakinta ya furta.

Bappa yana lura da ita, har ranar da ya tarar da ita tana kuka a gindin kututturen.

"Adawiyya, kin daina cin abinci."

"Ina ci, Bappa."

"Kina ci, kaji suna ƙiba." Ya gyara tsayuwa a kan sandarsa. "Goggonki ta aiko, ciwon ƙafar nan ya sa ta gaba. Gobe ki bi motar kasuwa ki dubo min ita."

"Bappa... da wane idon zan shiga gidan nan?"

"Da wanda kika yi tsiwar da shi. Dawa ta fara fitar da kai, 'yar nan. Ina so in san ko akwai biki ko babu."

Haka ta isa Zoza. Ta tarar da Goggo a tsakar gida tana tankaɗe, ƙafa garau. Ta zube ta gaishe ta, kai a ƙasa.

"Ina wuni, Goggo? Ya ƙafar?"

"Ƙafa ta yi sauƙi tunda kin zo. Ya Yaya Liti? Ya jajen ɓarnar ruwa?" Ta ƙare mata kallo. "Oh ni Sadiƙa! Ke rama, shi rama. Tashi ki zaga bayan sabon ɗakin can ki tsinko min yakuwa."

Sabon ɗakin nata ne, ta sani, wanda Ja'afar ya gina don ta tare a ciki. Ta zaga tana ɗauke kai.

Babu yakuwa a wurin.

Wani ɗan shinge ne na ƙaya, a cikinsa ƙananan sanduna a jere cikin ƙasa mai laima, kowanne ya fitar da ganye sabo shar. Ko a mafarki ta ga ganyen nan ta san shi. Ja'afar yana tsugune yana cire ciyawa, ya juyo, ya miƙe da sauri.

"Adawiyya?"

"Ya Ja'afar... wannan... na Inna ne?"

"Nata ne. Rassan da na sara. Uwar ta riga ta mutu tun da katanga ta tsinke saiwar, amma rassan da sauran rai, in aka bari rana ta buge su shi ke nan. Ganyen kuma na shanya a inuwa, Goggonki ta daka, yana cikin ƙwarya an rufe."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba? Ka bar ni ina ta..." Kuka ya ƙwace mata.

"Ban san za su kama ba. In na sa miki rai suka ƙi, sau biyu ke nan kin rasa ta. Gara ki yi ta jin haushina."

"Ka yafe min abin da na faɗa. Don Allah ka yafe min!"

"Inna Hannatu ta goya ni kafin ta goya ki, masoyiyata. Ni ma uwata ce." Ya share idonsa da hannun riga, ya yi ɗan murmushi. "To, Sarkin Noma, har yanzu an fasa?"

Ta durƙusa ta tsinki ganye ɗaya ta murje a tafin hannunta, ta kai hanci. Ƙanshin hannun Innarta ne sak.

"Ina zan fasa," ta ce, hawaye yana ɗiga a kan ganyen. "Ai ka ga Inna ta riga ni tarewa."