Mai Tsaron Takalma a Gindin Dutse

Ana kaɗa ƙararrawar rufe haikalin kan dutse, Dhanapal ya zaunar da mahaifiyarsa makauniya a bayan gini.

"Inna, jira ni nan, kwakwar hadaya zan sayo."

Ya san sarai wanda ya kwana a saman nan ba ya wayar gari, dare na masu dutsen ne. Ya sauko matakala ɗari bakwai, ko waiwaye bai yi ba.

A rumfar da kowa ke tuɓe takalmi kafin ya hau, babu kowa sai wata tsohuwa a lulluɓe cikin duhu.

"Miƙo min nawa, tsohuwa, sauri nake."

"Ku biyu kuka tuɓe, ɗan nan. Ba a ba mutum ɗaya."

"Ni kaɗai na hau! Makanta ke damunki?"

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa. Ya sunkuya zai ɗauka da kansa, sai ya ga ƙafafunta. Silifas ɗin mahaifiyarsa ne, wanda aka ɗinke da jan zare, amma ƙafafun a juye suke, yatsun suna kallon baya.

Hannu mai sanyi ya lalubi fuskarsa, yadda mahaifiyarsa ta saba lalubarta.

"Dhanu, ina kwakwar?"