Ƙararrawar Magani

Ina kwance cikin rigar tiyata, na juya wa ƙofa baya, sai na ji muryar Dogo.

"Kin sha maganinki?"

Wata biyu ke nan da na mayar masa da zobensa, kuma wai wannan ce gaisuwarsa!

"Likita ya ce kada in ci komai," na ce. "Ka tafi, don Allah. Na gaji..."

Wallahi na gaji. Shekara uku da aka dasa min ƙodar Dogo, ga shi yanzu tsakuwa ta cika min matsarmama. Hajiyarsa da ma ba ta ƙaunata. Ko takunkumin da likita ya ce masu dubiya su riƙa sawa saboda raunin garkuwar jikina, cewa ta yi ba za ta rufe bakinta don wata yarinya ba. 'Yar ƙanwarta, mai son Dogo tun suna yara, ita ta kai mata labarin wai za a sake farke ni gida biyu. Surutun da ya biyo baya ne ya sa na mayar da zoben.

Sai wayarsa ta hau ƙara a aljihu. Na san sautin, ƙararrawar maganin da ke hana jikina ƙin ƙodar ce.

"Ba ka kashe ta ba?"

"In kashe ta in yi yaya, masoyiya? Kullum sai ta tashe ni."

Ya kira nas. Ta zaro ido.

"Abinci aka hana ki, ba wannan ba! Sha da kurɓin ruwa, maza!"

Na haɗiye ina kuka.

"Hajiya fa?" na tambayi Dogo.

"Na kai ta wajen likitanki. Ya nuna mata huji huɗu ne ƙanana, a zura kyamara a ciro abin, ko kusa da ƙodar ba za a je ba."

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba..."

Haka aka gangara da ni ɗakin tiyata, zuciyata ba daɗi.

Da na farka, kafaɗata na ciwo, bakina a bushe. Wata mata na zaune a gefen gado tana gyara min bargo. Ban gane ta ba sai da ta yi magana, don rabin fuskarta a rufe yake da takunkumi, ta sa shi a karkace.

"Sannu, 'yata," in ji Hajiya. "Wannan abu zafi gare shi. Ki warke da wuri mu sa rana, in huta da nacin Dogo."