Keken da Ba Ya Sallama

Wata Laraba da almuru, Mai Keke ya karyo kwanar lungunsu, sai ya ji tayar baya ta hagu ta taka wani abu mai laushi. Ya sauka ya duba, bai ga ko kyanwa ba. Ya shigar da keken zaure, ya jona masa caji, ya wuce masallaci.

Shekara goma sha tara ya yi yana ɗaukar fasinja a tsohon kekensa mai ƙafa uku, wanda ƙararsa kan riga shi isa gida. Hayaƙin wannan keke shi ke tayar wa autarsa ciwon fuka, har idanunta su firfito. Saboda ita ya rabu da shi, ya sayo na lantarki. Sabon ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, tafiyarsa kamar ta inuwa. Fasinjoji suna rububinsa, Auta kuma ta sami numfashi.

Kafin ya dawo daga sallah, tsakuwa ta fara sauka a kan rufin kwano, ɗaya bayan ɗaya. Kashegari, a daidai wannan lokaci, aka tarar an zare wayar cajin, fitilar keken tana kunna kanta. Rana ta uku uwargida ta iske Auta a zaure, ta rungume tayar hagu, tana kuka da muryar babbar mace. Da aka ɗaga ta, ƙafarta ta hagu ta ƙi taka ƙasa.

"Baban Auta," in ji uwargida cikin raɗa, "wannan ba 'yata ba ce."

Aka ɗauko wani dattijon malami mai ruƙiyya. Ya yi karatu har rawaninsa ya jiƙe da gumi, sannan bakin yarinyar ya buɗe.

"Wace ce ke, baiwar Allah?" in ji malam.

"Maƙwabciyarsa ce. Tun ba a aza tubalin gidan nan ba muke zaune a bakin kwanar can. Tsohon kekensa tun daga titi yake yi mana sallama, mu kwashe yaranmu. Wannan kuwa ya zo kamar ɓarawo, ɗana yana rarrafe. Ƙafarsa ta karye."

"Ai bai gan shi ba."

"Mu ma ba mu ji shi ba. Ya dawo da mai ƙara, in sakar masa 'yarsa."

Mai Keke ya durƙusa a gaban 'yar cikinsa, ya ce, "Ki yi wa Allah, hayaƙin wancan kashe ta zai yi."

"Au, taka ce kaɗai aka haifa?"

Malam ya sake ɗaukar karatu, ta yi kururuwa, amma ba ta gusa ba. Daga bisani ya sassauta murya, ya ce za a rataya wa keken ƙararrawa, kuma kullum mai shi zai tsaya a kwanar ya yi sallama sau uku kafin ya shigo.

"Na yarda, zan fita," in ji ta. "Amma ƙafar yarinyar tana wurina. Ran da nawa ya taka, taka ma ta taka."

Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwa da muryarta ta dā. Ƙafar dai ba ta motsa ba.

Yau wata bakwai ke nan. Abokan sana'a suna tsokanarsa, wai ya sayi keken zamani ya mayar da shi akuya mai ƙararrawa. Kullum da almuru yakan tsaya a kwanar, ya kaɗa ƙararrawa, ya yi sallama sau uku. Sannan ya sunkuya wajen da ba kowa, ya ce, "Maƙwabciya, yaya jikin yaron?"

Ya ɗan saurara. Sai ya shiga gida ya ɗauko Auta a kafaɗa, ya fito da ita ta sha iska.