Layi Biyu a Kan Cek

Baffa ne ya kashe Rilwanu, ko da yake bai ɗaga sanda ba. Baki kawai ya buɗe a kasuwar albasa ta Aliero ya ce ɓarawo, jama'a suka ƙarasa masa aikin.

Da Sufeto Waliyyu ya iso, an riga an lulluɓe gawar da buhu. Babur ɗin da Rilwanu yake kabu-kabu da shi yana kwance gefe. An laluba aljihunsa, ba a samu komai ba sai makulli da ɓarin goro.

A caji ofis Baffa ya ba da labarinsa. Yayan mahaifinsa, Alhaji Attahiru Danwarai, ya sayar wa wani dillali albasa, aka biya shi da cek, ya aiki Baffa banki a Jega. Babur ɗin Rilwanu ya hau ya dawo.

"Sun ba ka kuɗin a hannu?" in ji Sufeto.

"A kantar banki, yallaɓai. Na zuba su a jaka. Muna isowa yaf fizge."

"Ina jakar?"

"Ya miƙa ma abokinai."

Babu wanda ya ga abokin.

Alhaji Attahiru yana zaune a bakin rumfar albasarsa, bai ko kori ƙudan da ke fuskarsa ba.

"Mi yas sa shi ka aika?" in ji Sufeto.

"Ɗana na. Sunana anka sa mai, shi yas sa aka ce mai Baffa. In ban yarda da shi ba, da wa zan yarda?"

Sufeto ya wuce Maiyama wajen dillalin, Murtala.

"Wane kuɗɗi anka sace?" Murtala ya juyo masa da waya. "Duba, ko alat ban gani ba. Kuma layi biyu niz zana a kan cek ɗin. Mai layi biyu ba a ba da kuɗɗinai a kanta. Sai dai a sa shi asusun mai sunan, bankinsu ya kai ma nawa, nawa ya duba, kana ya biya."

A Jega manajan bankin ya tabbatar. An kawo cek, ba a ba kowa ko sisi ba. An gabatar da shi ne a asusun wani Attahiru Danwarai, matashi, ana jiran biya.

Sufeto ya dawo ya zauna gaban Baffa.

"Attahiru."

Baffa ya ɗago kai. Rabon da a kira shi da wannan sunan tun makaranta.

"Ka kai cek, ba ka karɓi kuɗi ba. To mi Rilwanu yaf fizge?"

Baffa ya mayar da ido kan siminti.

"Na ɗauka da sun karɓi takarda magana ta ƙare," ya ce. "Na ce in an ce sata ce, Alhaji zai haƙura. Ban ce a kashe shi ba."

"Ba ka ce a bari ba."

Murjanatu, matar Rilwanu, tana tsaye a bakin ƙofa da goyo. Ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta roƙa: a je kasuwar nan a faɗa da ƙarfi cewa mijinta bai yi sata ba. Sufeto ya je ya faɗa. Mutane suka ci gaba da ɗinke buhuna.

Murtala ya dakatar da cek ɗin. Waɗanda suka yi dukan, biyu kacal aka gane. Baffa kuwa kotu ta ɗaure shi shekara goma sha huɗu.